Yadda ake gyaran rigar nutso ta roba a gida idan ta yage

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya kankama, ruwan dam ɗin Zobe da na Ajiwa da na Sabke a jihar Katsina ba ya shiguwa da sassafe sai dole. Mai kwance koma idan ta sarƙe da kututture a ƙarƙashin ruwa, da wanda ake kira idan injin ban-ruwa ya faɗa dam, su suka san abin da sanyin ruwa yake yi wa gaɓoɓi. Shi ya sa wanda ya dace da baƙar rigar nan mai kama jiki, wadda ake tsinta jefi-jefi cikin dilar gwanjo, ba ya wasa da ita. Sabuwarta tana da tsada, kuma ba a shagon unguwa ake samunta ba. Ta gwanjon kuwa da wuya ta zo ba rauni, ko a hammata, ko a gwiwa, ko wajen zif. In ma ta zo lafiya, ƙugiya da ƙayar ƙurungu da ƙusar kwale-kwale suna nan suna jiranta.

Abin da yake fara zuwa ran mutum shi ne ya kai wa tela. Kada ka kai. Keken ɗinki yana huda robar daga wannan gefe zuwa wancan, ya jera huji kusa da kusa, kamar layin hujin da ake yi wa takardar rasit don ta yi sauƙin yagewa. Ranar da ka ja rigar da ƙarfi, ta nan za ta bi ta tsage, kafin nan kuma kowane huji ƙofar ruwa ce. Gam ne yake riƙe wannan riga. Zare ɗan taimako ne kawai, kuma da hannu ake sa shi.

Me ke cikin rigar

Robar da ake yin rigar sunanta niyofirin. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya samar da ita a 1930, kuma wani masanin kimiyya mai suna Hugh Bradner ne ya yi rigar nutso da ita a 1952 a jihar Kalifoniya. Wadda ake sawa a riga an hura mata iskar gas tun a masana'anta, don haka cikinta cike yake da ƙananan kumfa da ba su haɗe da juna ba. Wannan kumfa shi ne yake tare sanyi. Rigar ba ta hana ruwa shiga gaba ɗaya. Ɗan kaɗan yana shiga ya tsaya tsakanin fata da roba, jiki ya ɗumama shi, ya zauna nan. Idan aka sami yagewa, ruwan ɗumin yana fita sabon mai sanyi yana shiga, kuma ruwa yana kwashe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Yagewar da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba a ƙirji ta isa ta sa mutum karkarwa.

Yawancin rigunan an lulluɓe robar da yadi mai talewa ciki da waje. Wasu kuma ana barin ƙirji da baya robar zalla mai santsi. Lambar da za ka gani a hannu ko a wuya, kamar 3/2 ko 5/4, kaurin robar ne da milimita: lambar farko ta gangar jiki, ta biyu ta hannu da ƙafa. Riƙe lambar a ka, za ta yi amfani idan aka zo neman faci.

Kayan aiki, da maganar gam

Almakashi mai kaifi ko sabuwar reza, alli, tsinken sakace ko ƙaramin buroshi, leda, sifirit na kyamis, tsumma mai tsabta, siririyar allura, zaren nailan ko foliyesta, da guntun kyandir. Idan ka sami lanƙwasasshiyar allura irin ta masu ɗinkin kujera, ta fi. Zaren auduga ba ya aiki, ruwa yana ruɓar da shi.

Gam shi ne inda mutane suka fi yin asara. Akwai wanda aka yi musamman don wannan riga, irin su Black Witch da Aquaseal NEO, baƙi ne kuma yana talewa tare da robar bayan ya bushe. Wanda yake da mai kawo masa daga waje ko yake iya saye ta intanet, shi ya fi dacewa ya nema. Wanda ba shi da wannan hanya, ya nufi wurin mai gyaran takalma. Ruwan ɗorawar gam ɗin da suke manne tafin takalmi da shi, irin su Evo-Stik, yawancinsa da wannan robar ta niyofirin ake yin sa, an narkar da ita cikin sinadari mai saurin bushewa. Duba jikin gwangwanin ko za ka ga an rubuta neoprene ko polychloroprene. Ya ɗan fi na asalin tauri idan ya bushe, kuma yana barin alama mai launin ɗorawa a kan baƙar riga, amma yana riƙewa. Ka ce wa mai takalman, "Baba, a sammini daga sabon gwangwani, ba wanda ya yi kauri ba." Gam ɗin da ya daɗe a buɗe har ya fara zare-zare ba ya shiga cikin robar, a sama yake tsayawa.

Biyu ne zan hana ka. Sufa gulu yana bushewa ya zama ƙanƙara, kuma roba mai motsi ba ta zama lafiya da abu mai tauri: gefen gyaran zai karye, ka koma da yagewa biyu maimakon ɗaya. Sholishon masu faci kuma don robar taya aka yi shi, ba ya kama niyofirin yadda ake so.

Akwai wani gam na daban, mai kauri kuma garai-garai, irin Aquaseal FD, wanda ba manne baki da baki ake yi da shi ba, cike gurbi ake yi. Yana ɗaukar awa 8 zuwa 12 kafin ya kama. Za mu zo kansa wajen gwiwa.

Duk waɗannan gam suna kama wuta kuma warinsu yana hawa kai. A yi aikin a zaure ko a rumfa inda iska ke ratsawa, nesa da murhu da risho da tukunyar gas da mai shan sigari. In an gama a rufe gwangwanin a ɓoye shi. Kowa ya san abin da wasu yara suke yi da sholisho, wannan ma ɗan uwansa ne.

Mataki na farko: wanki da bushewa

Gam ba ya kama datti, ba ya kama maiƙo, ba ya kama danshi. Ruwan dam yana barin laka mai laushi cikin yadin rigar wadda ido ba ya gani, ga kuma gumi da ƙarnin kifi. Cika baho da ruwa mai sanyi, sa ɗan sabulun wankan jarirai ko kowane sabulu marar ƙarfi, ka mutstsuka rigar da hannu ciki da waje, ka ɗauraye sosai. Ban da omo, ban da bilic, ban da ruwan zafi.

Shanya ta a inuwa, a juye cikinta waje, a ninke ta daga ƙugu a kan igiya mai kauri ko sanda. In cikin ya bushe a mayar da ita daidai, wajen ma ya bushe. Lokacin hunturu wuni ɗaya ya isa. Da damina ka bar ta kwana biyu. Kafin ka fara aiki, matse bakin yagewar da farar takarda. In takardar ta nuna laima, da saura.

Sai neman raunukan, don wanda ka gani da wuya ya zama shi kaɗai. Shiga ɗaki mai duhu, sa tocila cikin rigar, ka bi ta gaɓa-gaɓa kana ɗan tale robar. Inda haske ya leƙo, zagaye shi da alli. Ka fi mai da hankali a hammata, da tsakanin cinyoyi, da ƙasan zif, da bayan gwiwa. Ƙafa ko hannu kuma kana iya ɗaure bakinsa da igiya ka ɗura ruwa ka ga inda yake tsatstsafowa, amma ka yi wannan tun lokacin wanki don kada ka sake jiran bushewa.

Ƙaramar tsaga da ba ta ratsa ba

Wannan ita ce ta farce, mai siffar jinjirin wata, wadda ake samu a ɓangaren robar mai santsi idan mutum ya ja rigar da yatsu. Gyaranta ba wuya, kuma a kanta ya kamata mutum ya koyi hannu kafin ya taɓa babba.

Goge wurin da sifirit ka bari ya bushe. Lanƙwasa robar ta baya yadda tsagar za ta buɗe baki, ka riƙe ta haka da abin maƙale shanya. Ɗebo gam kaɗan da tsinke, ka shafa a ɓangarorin biyu na cikin tsagar har ƙasanta. Shafawa ce siririya, wadda za ta jiƙa robar kawai. Ka bar ta a buɗe kamar minti 5. Sake shafa ta biyu, ka jira kamar minti 10.

Jiran nan shi ne aikin. Wannan irin gam ba ya kamawa yana ɗanye. Sai sinadarin da ke cikinsa ya fice, robar da ta rage a kowane gefe ta yi danƙo, sannan in gefen biyu suka haɗu su zama abu ɗaya. Wanda ya haɗa su tun gam na sheƙi ya kulle sinadarin a ciki, kuma gyaran zai buɗe a shigar ruwa ta farko. Gwada da bayan farce: in ya ɗan kama farcen amma bai biyo shi ba, lokaci ya yi. In ya biyo, ƙara jira.

Mintocin da ake rubutawa a jikin kwali an auna su ne a ƙasashe masu sanyi. A Katsina cikin Afrilu, da zafi ya haura maki 40, gam yana iya kaiwa cikin rabin wannan lokaci, in ka tafi shan ruwa ka dawo ya wuce. Da bazara a yi aikin da safe. In ya bushe ƙarau har ba ya kama farce, ba a yi asara ba, ƙara shafa siririya ɗaya ka sake jira. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Gam da aka bari a buɗe minti goma cikin iska mai ƙura ya riga ya kama ƙurar, ba zai kama roba ba. Yayyafa ruwa a ƙasan wurin da kake aiki, ka kife kwano ko kwali a kan gyaran lokacin jira, ka ɗan ɗaga gefensa don warin ya fita.

In lokaci ya yi, cire abin maƙalewar, ka saki robar ta koma daidai, ka matse bakin biyu da yatsu da ƙarfi na minti ɗaya ko biyu. Ajiye rigar a shimfiɗe har gobe.

Yagewar da ta ratsa

Nan ma hanyar ɗaya ce, sai dai akwai shiri kafin gam da ƙari bayansa.

Shimfiɗa rigar a kan tebur ko allo, ka tura leda a ciki ƙarƙashin yagewar don kada gaban rigar ya manne da bayanta. Haɗa bakin biyu ba tare da gam ba, ka ga yadda suke zama. In akwai zare-zaren yadi da suka tsaya, datse su. In bakin ya yi kaca-kaca, gyara shi da reza, amma kada ka cire fiye da abin da ya zama dole, don duk abin da ka yanke rigar za ta matse da shi. Da bakin yana haɗe, ja gajerun layuka da alli suna ratsa yagewar, kowane bayan santimita biyu. Su za su nuna maka inda kowane gefe zai sauka a kan ɗan uwansa.

Gam ɗin a kan kaurin robar ake shafa shi, wato fuskar da ta yage, ba a kan yadin sama ba. Robar da ta yage tana shan shafawar farko, don haka a nan sau uku ya fi: ta farko ta bushe sosai, ta biyu ta bushe, ta uku ita za ka jira ta yi danƙo. Tabbatar gam ya kai can ƙarshen yagewar ta kowane ɓangare, domin daga nan take ci gaba.

Wajen haɗawa, fara daga ƙarshen yagewar, inda robar take a haɗe, ka biyo a hankali kana daidaita layukan allin ɗaya bayan ɗaya. Wannan gam ba ya ba da damar gyara. Inda ya taɓa ya kama, in ka ɓamɓare ka sake, ƙarfinsa ya ragu. In yagewar doguwa ce, sa siririyar leda tsakanin bakin biyu, kana zare ta kaɗan-kaɗan kana haɗawa. Lura da fuskar sama da ta ƙasa su zo daidai, kada gefe ɗaya ya hau. In ka kai ƙarshe, koma ka bi layin duka kana matsawa, ka juya rigar ka matsa ta ciki.

Bar ta awa 24 kafin ka taɓa allura. Wanda ya yi gaggawa zai ga allurar tana fitowa da gam, zaren yana kamawa, gyaran yana buɗewa a hannunsa.

Ɗinkin da ba ya huda

Yagewar da ba ta kai santimita uku ba a wurin da ba ya shan ja, kamar ƙirji ko tsakiyar baya, gam kaɗai ya ishe ta. Ta hammata da gwiwa da tsakanin cinyoyi da bakin hannu kuwa tana son zare. Ɓangaren robar zalla marar yadi ba a ɗinka shi ta waje ko kaɗan, zaren zai yanka shi. Sai dai a ɗinka ta ciki inda yadi yake.

Goga zaren a jikin kyandir don ya yi santsi. Soka allurar kamar milimita uku daga layin gyaran, ta shiga yadin da abin da bai wuce rabin kaurin robar ba, ta bi ta ƙarƙashin layin, ta fito a ɗaya gefen a kan fuskar da ta shiga. Ba za ta leƙa ɗaya fuskar rigar ba. In allurarka miƙaƙƙiya ce, ɗan lanƙwasa robar a kan yatsanka yadda layin zai yi tudu, sai allurar ta ratsa tudun. Bar milimita uku zuwa huɗu tsakanin kowane suka. Kada ka ja zaren har robar ta tattare. Ya kwanta kawai. Bayan kowane suka huɗu ko biyar, tale wurin da hannu ka ga ko ɗinkin yana bin robar. In ya tsaya ƙyam, ya yi tsauri, kwance shi.

Fara ɗinkin santimita ɗaya kafin yagewar, ka ƙare santimita ɗaya bayanta, ka maimaita suka uku a wuri ɗaya a kowane ƙarshe. Ƙulla, datse, ka ɗiga gam a kan ƙullin, sannan ka bi layin ɗinkin duka da siririyar shafawa. In ta cikin riga ka yi ɗinkin, bari gam ɗin ya bushe sarai ka barbaɗa masa hoda, in ba haka ba zai kama gashin jiki.

Masu yin rigunan masu kyau ma haka suke haɗa su a masana'anta, gam tukuna sannan ɗinkin da ba ya ratsawa. Masu araha na ruwan ɗumi su ne ake yi wa shimfiɗaɗɗen ɗinki mai ratsawa, wanda za ka gan shi iri ɗaya ciki da waje. In irin wannan ce taka, ruwa yana shiga ta layin ɗinkinta tun asali, kada ka wahalar da kanka kana neman toshe shi duka.

Idan nama ya fita

Wani lokaci ƙusa ko ƙarfe yana tafiya da guntun robar, ko ɓera ya ci ta a ajiye. Kada ka ja bakin ramin ka haɗa da ƙarfi. Rigar za ta tattare a wurin, kuma gyaran zai zauna cikin ja har ya sake buɗewa. Toshe ake yi.

Nemi guntun niyofirin mai kauri ɗaya da wurin. Tsohuwar rigar da ta mutu ita ce ta fi. In babu, robar ɗaurin gwiwa ko ta ƙugu da ake sayarwa a kyamis da wajen masu kayan ƙwallo tana yi, haka jakar kwamfuta mai laushi ta gwanjo, duk da wasunsu ba sa talewa sosai. In rigar ta yi maka tsawo a ƙafa, yanko daga can.

Gyara ramin da reza ya zama da'ira ko siffar ƙwai, bakinsa a miƙe. Kusurwa ita ce mafarin yagewa, kada ka bar ko ɗaya. Sa takarda a ƙarƙashi ka zana ramin, ka yanka guntun robar ya fi zanen da kamar milimita ɗaya ta kowane gefe, don ya shiga da ɗan matsi. Kafin ka yanka, ja guntun ta tsaye da ta kwance. Za ka ji ya fi talewa ta ɓangare ɗaya, sai ka daidaita shi da yadda rigar take talewa a wurin. Shafa gam sau uku a bakin ramin da bakin guntun. Wajen sawa, fara manne gefe ɗaya, sannan wanda yake fuskantarsa, sannan sauran biyun, don kada ka zo ƙarshe ka tarar da ragowar roba ba wurin zama.

Washegari ka ɗinka zagayen, ko ka ƙara faci ta ciki. Facin ya zama siriri, milimita ɗaya ko biyu, ya wuce gyaran da santimita biyu ta ko'ina, kusurwoyinsa a zagaye. In za ka iya, fereye bakinsa da reza ya yi gangare don kada ya riƙa kama ƙafa wajen sawa. Zana iyakarsa da alli a jikin rigar, ka shafa gam a cikin zanen da bayan facin. Yadi yana shan gam sosai, shafawar farko ɓacewa za ta yi, sai ta uku za ka ga ya tsaya a sama. Manna daga tsakiya zuwa baki, ka murza da gindin kwalba, ka rufe da leda, ka ɗora abu mai nauyi ya kwana.

Akwai facin da ake mannawa da dutsen guga, ana sayar da shi da takardar da ake rufawa a kai. Yana da kyau ga wanda yake da dutsen lantarki mai ma'aunin zafi. Da na gawayi ban ba da shawara ba. Zafin da ya wuce kima yana murƙushe kumfan robar, wurin ya zama fale-fale, kuma ba ya dawowa.

Mahaɗa, gwiwa da zif

In layin ɗinkin kamfani ne ya fara warwarewa, abu na farko shi ne tsayar da shi, don irin wannan ɗinki in ka ja zare ɗaya sai ya biyo. Zare ragowar zaren da ya saki, ka ƙulla inda mai kyau ya tsaya, ka ɗiga masa gam. Kankare tsohon gam ɗin da ya bushe a bakin robar da farce ko bayan reza, goge da sifirit, sannan ka bi hanyar yagewar da ta ratsa: gam, jira, haɗawa, kwana, ɗinki. Sabon ɗinkin ya hau kan tsohon da santimita biyu.

Gwiwar da ta cinye saboda durƙuso a kwale-kwale ko a kan dutse ba yagewa ba ce, ƙoƙewa ce. A nan gam mai kaurin nan yake aiki. Shimfiɗa wurin ya kwanta daidai, zagaye shi da salatif, zuba gam ɗin ka baje shi da guntun kwali ya wuce raunin da rabin santimita. Yana malala da kansa, don haka kada wurin ya karkata. Ba shi wuni guda cur. Ragowar da ke cikin bututun tana daskarewa bayan an buɗe, sai in an ɗaure a leda an sa a firiza. Wanda bai sami irin wannan gam ba, ya yi wa gwiwar faci ta waje da roba mai yadi.

Zif da ya ƙi motsi yawanci yashi ne. Wanke haƙoransa da tsohon buroshin goge baki, ka goga masa kyandir ko kakin zuma, ka ja shi sama da ƙasa a hankali. Ban da baƙin mai da girisi, suna tara ƙasa. In igiyar jan zif ɗin ta tsinke, igiyar takalmi ta wadatar. In zif ɗin yana rufewa yana buɗewa ta baya, kan ne ya saki, mai gyaran jaka zai canza maka shi. In haƙora sun zube sai an canza zif ɗin ɗungurungum, kuma a nan kaɗai zan yarda a je wurin mai keke. A nemi zif na roba mai manyan haƙora, a roƙe shi ya buɗe tazarar ɗinkin ya bi tsohon layi, in ka dawo gida ka bi hujin da gam ta ciki. Ƙasan zif, inda yake ƙarewa a gadon baya, yana shan ja fiye da ko'ina. Ko bai yage ba, yi masa ɗan faci ta ciki tun yanzu.

Kafin a koma ruwa

Bayan awa 24 da shafawar ƙarshe, tale gyaran da hannu biyu a hankali kana duba bakinsa. Inda ya ɗaga, buɗe shi kaɗan da tsinke ka sake sa gam. Maimaita gwajin tocila. Sannan sa rigar a gida ka durƙusa, ka ɗaga hannu, ka sunkuya. Wajen sawa, sa leda a ƙafa da hannu su zame cikin sauƙi, ka riƙa jan robar da tafin yatsu ban da farce. Shigar farko a yi ta a bakin gaɓa.

Abu biyu da gyara ba ya canzawa. Rigar tana ɗan ɗaga mutum a ruwa, amma ba rigar ceto ba ce, wanda bai iya ruwa ba kada ta ruɗe shi. Kuma tunda ruwa yana shiga ya taɓa fata, ba ta kare mutum daga tsargiya. Wanda yake shiga dam kullum ya ga jini a fitsari, asibiti zai je.

Abin da ya fi kashe wannan riga a ƙasarmu rana ce. Wanda yake shanya ta a kan katanga ko kwanon ɗaki da tsakar rana, ko yake barin ta cikin but ɗin mota, zai ga robar ta yi tauri tun ba a je ko'ina ba. A ɗauraye ta bayan kowace shiga, a shanya a inuwa, in lokacin sanyi ya wuce a ajiye ta a shimfiɗe ko a naɗe sako-sako, a inda ɓera ba ya kaiwa. Kada a danne ta da kaya, karin da ya daɗe ba ya miƙewa. Siririyar hangar ƙarfe kuma tana yanka kafaɗar rigar.

In ka lanƙwasa robar ka ga ƙananan tsage-tsage sun bayyana, ko yadin yana saɓulewa da kansa, ko ka gyara nan gobe gefensa ya buɗe, robar ta mutu, gam ba shi da abin da zai kama. Yanke wuraren da suka rage da laushi, galibi cinya da gefen ciki, ka cire zif ɗin in yana da kyau, ka adana su cikin leda a inuwa don facin riga ta gaba.